Hayaƙin Madafar Jamiron

Ranar Juma'a bayan azahar, Haji Motaleb mai injin casar shinkafa ya faɗo gidan Torab Mistiri, wato gwanin yin sandar fatsa, ko sallama babu, lungin da ya ɗaura a ƙugu jiƙe sharkaf har gwiwa, da sandunan fatsa biyu a hannu. Jamiron, matar Torab, tana zaune a bakin madafa tana tsince shinkafa. Da ta ƙara dubawa sai ta ga ba sanduna biyu ba ne. Sanda ɗaya ce ta rabu gida biyu.

"Mistiri! Fito ka ga aikin hannunka!"

Torab ya fito daga rumfar aikinsa da zaren siliki a baki. Da ya ga abin da ke hannun Haji, zaren ya faɗi ƙasa bai ma sani ba.

"Kifin katla ne," in ji Haji. "Kansa kaɗai ya kai tukunyar biki. Tun safe nake zaune a kan dandamalina, tsinken gashin ɗawisun nan da ke jikin zare yana tsaye a kan ruwa ko motsi babu, sai da muka dawo daga masallaci ya nutse. Na fizga, na ji nauyi. Rabin sa'a ina sakar masa zare ina naɗewa. Mutum sittin a bakin babban tafki, har da 'yan Pabna da 'yan Bogura, kowa ya bar tasa ƙugiyar yana kallona. Na kawo shi har bakin raga, Mistiri, ina ganin ƙwayar idonsa. Sai ƙas! Wani ɗan Pabna mai sandar kanti ya ɗaga murya, wai Haji Saheb, yanzu da karan rama ake fatsa a garinku?"

Ya juya guntun sandar ya ƙwanƙwasa a kan dakali. Gari ya zubo, rawaya-rawaya, mai laushi kamar na alkama. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya sake zubowa. Daga waje sanda tana sheƙi, ga ɗaurin siliki ja da baƙi, ga sunan Haji da Torab ya zana da ƙarfe mai zafi. Ciki kuwa ba komai sai rami da gari.

Jamiron ta ajiye faifan shinkafa a hankali. Shekara talatin da takwas ke nan tana gidan, ba ta taɓa ganin ghun, ƙwaron nan mai cin gora ta ciki, ya kusanci sandar Torab ba.

Sandar gidan nan ta yi suna tun zamanin kakan Torab. Masu fatsar tikiti, waɗanda ke biyan kuɗin shiga su yi yini guda a bakin tafki suna jiran kifi ɗaya, sukan yi shekara suna jiran a zo kansu. Kowa a ƙasar Natore ya san yadda ake yin ta, ko dai kowa yana zaton ya sani. A watan Poush ake saran gorar, cikin tsananin sanyi, kuma sai a kwanakin da wata ya ɓace. A nutsa ta a kududdufi kwana ashirin da ɗaya. A ajiye ta a inuwa shekara uku. Sannan Torab ya shafe ta da man mastad, ya riƙa gasa ta gaɓa-gaɓa a kan garwashi yana miƙar da ita a gwiwarsa, ya rufe ido ɗaya ya hanga, ya sake gasawa, har ta tsaya sak. A duk tsawon wannan hidima kuwa, kada ƙafar mace ta tsallaka ta. Shi ya sa, in ji Torab, yake ajiye tasa a kan itatuwan da aka gitta ƙarƙashin rufin madafa, sama da kan kowa. Wasu sun bi wannan tsari daki-daki, sun ajiye tasu a rumfa ko a ɗakin shanu, ƙwaro ya cinye. Sai aka ce albarkar gidan Torab ce, aka huta da tunani.

"Ka sare ta a duhun wata?" in ji Haji.

"Na sare."

"Ka jiƙa ta?"

"Kwana ashirin da ɗaya cur."

"To wa ya tsallaka ta?"

Kafin nan shinge ya cika da kawuna. Fuljan, maƙwabciyarsu, har ta ɗora haɓa a kan gungume, da ganyen pan da take taunawa cike da kumatu. Torab ya dubi Haji, ya dubi shinge, ya dubi garin da ke kan dakali. Sannan ya juya wajen famfo, inda surukarsu ke wanke tukwane.

"Bouma, zo nan," ya ce, yadda ake kiran matar ɗa.

Shiuli ta taso tana goge hannu da bakin sarinta. Matar ɗansu Delwar ce, wanda ke aikin gini a Malesiya. Shekara huɗu ke nan da aka kawo ta, kuma ita ce mai ɗumama mai ta murza wa Jamiron baya duk lokacin da tari ya taso mata.

"Ki faɗi gaskiya. Kin taɓa tsallaka gorata?"

Da wata ce sai ta ce a'a, magana ta mutu, don ba wanda ya gani. Shiuli ba ta iya wannan ba. Ta ja sari ta rufe rabin fuska.

"Sau ɗaya ne, Abba. Ranar da ka sauko da su ka jera a tsakar gida, hadari ya taso, ga shinkafa a shanye can gefe. Na ruga, ban tuna ba sai da na wuce. Amma na dawo na tsallako da baya, kamar yadda ake yi."

"To ga shi nan!" in ji Haji. "Ta faɗa da bakinta."

Daga shinge wata ta ce farar ƙafa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Wata ta ƙara da cewa ai shekara huɗu ko ɓari ba ta yi ba, kamar ba su san mijin wata biyu kacal ya yi a gida cikin shekarun ba.

"Baban Delwar," in ji Jamiron, "shi ƙwaron ido gare shi da zai leƙo ya ga wa ya tsallaka?"

"Ke rufe mana baki, ba maganarku ba ce." Torab bai kalle ta ba. "Bouma, ki haɗa akwatinki. Gobe da safe Gofur mai keken kaya zai zo ya kai ki gidan ubanki. Ki zauna can sai mun ga abin da hali ya yi."

Shiuli ba ta yi kuka ba. Bakinta ne kawai ya buɗe, ya ƙi rufuwa.

Jamiron ta san abin da wannan tafiya take nufi. Saura wa Delwar shekara biyu a ƙasar mutane. Macen da aka ɗora a keken kaya da akwatinta, unguwa na kallo, da sunan farar ƙafa a bayanta, ba ta cika dawowa ba. Kafin mijin ya sauka daga jirgi dangi sun gama cika masa kunne.

Haji ya tafi yana cewa gobe zai dawo ya ji yadda za a yi da shi. Shinge ya watse. Da aka kira la'asar Torab ya sa hula ya fita, zai yi salla ya biya ya gaya wa Gofur.

Jamiron ta zauna tana kallon garin nan a kan dakali. Abin da ya hana ta sakat guda ne: ita kanta ta tsallaka gorar Torab ya fi sau ɗari. Tsakar gidan taku goma ce. Mace da tulu a ƙugu da goyo a kafaɗa, tukunya na tafasa, za ta tsaya kewaye sanduna ne? Akwai ma shekarar da suka yi faɗa a kan kuɗin makarantar 'yarsu Parul, ta jira ya fita ta tsallaka wata sanda da gangan, gaba da baya, tana cije haƙora. Da wannan sandar wani malamin makaranta ya ci gasar shekarar, har yau yana ba da labari. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta dai ajiye abin a ranta, kusa da sauran abubuwan da manya suka tabbatar mata kuma ta gwada ta ga babu.

To idan ba ƙafa ba ce, mene ne ya sake?

"Bouma, bar ninke kayan nan. Ɗauko tsani."

"Ammajan, ina za ki hau? Numfashinki fa!"

"Numfashina nawa ne. Ke dai riƙe ƙasan, kada ki kashe ni ki ƙara wa kanki suna."

Madafar ɗaki ne na ƙasa, gajere, ƙofa ɗaya, ba taga. A kusurwa ga tsohon murhun ƙasa a mace, an ɗora kwanduna a kai. Kusa da ƙofa ga murhun gas da jar tukunyarsa, wanda Parul ta kawo daga Rajshahi. Jamiron ta hau tsani tana tsayawa a kowane taki, har kanta ya shiga tsakanin itatuwan rufi.

Gorar tana nan dami-dami, kowane dami na shekararsa. Torab bai iya tuna wanne ne na yaushe ba, don haka tun tana amarya ita ce mai ba shi tsumma daga sarin da ya tsufa a wannan shekara ya ɗaure da shi. Ta san su kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ga mai ɗigo-ɗigo, na shekarar ambaliya. Ga shuɗi, na shekarar auren Delwar. Waɗannan dammunan sun yi baƙi-baƙi, launin maɗi da ya daɗe a wuta, suna maiƙo a hannu. Ta zaro ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar ƙarfe.

Ta matsa gaba. Dami mai koren tsumma, wanda aka ciri sandar Haji daga cikinsa, bai yi baƙi ba, ruwan toka ne kawai sama-sama. Na bayansa biyu kuwa fari tas, kamar jiya aka saro. Ta taɓa ɗaya, gari ya zubo mata a fuska. Ta taɓa wata, haka. Ta kai ido kusa, sai ga ramuka ƙanana kamar hudar allura, ɗari bisa ɗari. Gorar shekara uku, duk ta tafi.

Koren sari. Ta tsaya da hannu a kan tsumman. Da shi ta je Rajshahi ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban haske ya tambaye ta, yana ce mata Chachi, wato gwaggo, sigari nawa kike sha a rana? Ita da ko pan ba ta cika ci ba. Ta ji kunya kamar ta nutse. Parul ce ta ce masa ba ta sha, girki take yi. Likita ya ce to wannan girkin ne zai kai ta kabari, ko a raba ta da hayaƙi ko a fara neman likkafani. Wata biyu bayan an ɗora wannan damin aka kashe murhun ƙasa.

Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Kunkunniya ce ta shekara da shekaru, tana rataye kamar gemu. Ita ce a jikin baƙar gora. Ita ce a hoton likita.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Hayaƙi ne."

"Me kika ce, Ammajan?"

"Na ce riƙe tsani."

Har ta fara jin wani irin daɗi. Za ta nuna wa tsohon nan abin da shi da ubansa da kakansa ba su gane ba, ta ga yadda idonsa zai yi. Ta miƙa hannu bayan farin damin don ta zaro guda ta sauka da ita, sai yatsunta suka taɓa wani abu mai sanyi. Ta jawo. 'Yar tukunyar ƙasa ce, irin ta yogot ɗin kasuwa, an huda murfinta wuri biyar. Ciki toka ce da ƙaiƙayin shinkafa rabi ƙone. Ta sa hanci. Bai fi kwana goma ba. Ta leƙa, ga wata tukunyar, ga wata can ciki.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a kan tsanin ba. Wani ya hau nan ya yi wa gora turare da ƙaiƙayi a ɓoye. Wanda ya yi haka ya san abin da gorar ta rasa.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa mata da kansu, ba ta kira su ba. Madafar nan tana da taga lokacin da aka kawo ta. Ta tuna, tana kallon bishiyar gwanda ta cikinta. Sati bai cika ba Torab ya kwaɓa ƙasa ya toshe, ya ce kyanwa na shiga ta sha madara. Sai matan ƙungiya da suka zo shekarun baya suna gina murhu mai bututun fitar da hayaƙi, kyauta, gida-gida. Fuljan ta samu, kowa ya samu. Torab ya tsaya a ƙofa ya ce shinkafar irin wannan murhu ba ta da ɗanɗano. Sai kuma mitar da yake yi tun zuwan gas: miyar dal ɗin nan ba ta daɗi, Maman Delwar, ko sau ɗaya a rana ki riƙa hura na ƙasa mana.

Ta sauko da tukunya a hannu ɗaya, gora biyu a ɗayan. Tari ya kama ta a takin ƙarshe. Shiuli ta ruga ta kawo ɗan bututun maganin da take fesawa a baki, ta riƙe ta har ya lafa.

Da Torab ya dawo ya shige rumfa ya zauna yana jujjuya ƙarfen naɗe zare, ba ya yin komai da shi. Jamiron ta shiga ta dire tukunyar a gabansa.

"Baban Delwar, wannan ta waye?"

Ta zuba masa ido tana jira ya firgita. Ko gezau. Ya dubi tukunyar kamar yadda mutum ke duban takalminsa.

"Wa ya ce ki hau can da wannan ƙirjin naki?"

"Yau ka tuna ina da ƙirji?"

Ya ce, "Ranakun da kuke zuwa asibiti nake kunnawa. Bai yi ba. Hayaƙin wata-wata ba ya hana komai. Sai na kullum, safe da rana da yamma, mai maiƙon girki a ciki."

Haka ya faɗa, kamar yana koya wa mai saye yadda ake ɗaura ƙugiya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Abbana ya gaya mini satin da aka kawo ki."

Jamiron ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Ka ce mini kyanwa."

"To ai kyanwar ma tana shiga."

"Mahaifiyarka fa? Tarin da ya riƙa tashinta yana kwantarwa har ta mutu a hannuna, kuka ce iskar tafki ce ta buge ta. Har laya kuka karɓo. Ni na ɗaura mata."

"Kowace mace a ƙasar nan cikin hayaƙi take girki, Maman Delwar. Ke kaɗai ce? Ni me na ƙara miki? Taga ɗaya ce fa. Kuma da wannan gorar kika ci kika sha, da ita Parul ta yi karatu. Da aka kawo gas na hana?"

"Ba ka hana ba don likita ya yi magana ne a gaban mijin Parul." Ta saki ginshiƙin. "To ni an gama da ni. Yarinyar nan fa? Ka san ba ta yi komai ba, ka tsaya a gaban unguwa ka ɗora mata."

"Haji na tsaye a kaina, rabin gari a shinge. Me kike so in ce? In ce sirrin gidanmu na kaka da kakanni murhun mace ne? Gobe duk mai mata da tukunya ya zama mistiri." Ya rage murya, har da ɗan lallashi. "Ba korar ta na yi ba. Ta je ta yi wata biyu, magana ta kwanta, in aika a dawo da ita. Lokacin ta san ta yi laifi, ba za ta yi gardama ba. Ita ƙirjinta garau yake. Sai ta karɓi girki a murhun ƙasa, ke ki zauna a baranda ki sha iska. Kin ga kowa ya huta."

Jamiron ta dubi mutumin nan. Ga gemun da ta sani, ga tabon garwashi a babban yatsa, ga hular da ita ta wanke shekaranjiya. Ba mugunta a fuskarsa ko kaɗan. Fuskar mutum ce da ya daɗe yana neman mafita har ya samu. Wannan ne ya fi tayar mata da tsikar jiki.

Ta ɗauki tukunyarta ta fita.

Washegari da hantsi Gofur ya tsayar da kekensa a ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa. Shiuli ta fito da akwatin ƙarfe, idonta a kumbure. Shinge ya sake cika, har da waɗanda jiya ba su samu gani ba. Haji Motaleb ma ya iso, da sabon lungi da tsohon fushi.

"Ajiye akwatin nan, Bouma," in ji Jamiron. "Shiga rumfa ki ɗauko mini sandar Abbanki, wadda yake fatsa da ita shi kansa."

Kowa ya san wannan sandar. Baƙa ce wul, ta shekara goma sha biyar, Torab bai yarda kowa ya riƙe ta ba. Kafin ya tashi daga dakali Jamiron ta karɓa ta shimfiɗa ta a tsakiyar gida. Ta tattare sari zuwa ƙwauri.

Ta tsallaka.

Fuljan ta yi ƙara, pan ya faɗo daga bakinta. Gofur ya ce la'ilaha. Jamiron ta juyo ta sake tsallakawa, ta sake, ta sake, tana haki, har sau bakwai.

"Chachi ta haukace," in ji wani.

"Haji Saheb, ɗauki. Lanƙwasa ta iya ƙarfinka. Kada ka ji tausayinta."

Haji ya ɗauka da yatsu biyu kamar maciji. Ya kafa gindinta a cikinsa, ya kama kan ya ja. Ta lanƙwashe, ta ƙara lanƙwashewa, har kanta ya kusa taɓa ƙasa. Ya saki, ta miƙe fyau tana rawa. Ya sake gwadawa da ƙarfin da ya fi na farko. Ko ƙara ba ta yi ba.

"Shekara talatin da takwas nake tsallaka gorar gidan nan," in ji Jamiron. "Duk wanda ya taɓa kama kifi da sandar Mistiri, to da sandar da na tsallaka ya kama. Yanzu ga wannan." Ta miƙa masa farar gorar da ta sauko da ita jiya. "Tun da aka saro ta tana saman rufi. Ƙafar da za ta tsallaka ta sai dai ta tsuntsu. Gwada."

Haji ya ɗan tanƙwara ta kawai. Ta karye a hannunsa, gari ya bule masa gemu. Ya tsaya da guntaye biyu, baki buɗe, kamar jiya.

"Maman Delwar!" Torab ya miƙe. "Ya isa haka. Shiga ciki."

"Ciki ina? Madafa?" Ta juya ga shinge. "Hayaƙi ne. Ba wata ba ne, ba ƙafa ba ce, ba albarka ba ce. Gorar da ta sha hayaƙin girki shekara uku ƙwaro ba ya cin ta. Da aka kawo mini gas hayaƙi ya ɗauke, ƙwaro ya shiga. Ku shiga ku duba, duk damin da ya shigo bayan gas gari ne. Shi ya sani. Ubansa ya sani. Don haka aka toshe mini taga ina amarya. Baƙin da ke jikin waccan sandar shi ne a nan." Ta bugi ƙirjinta, tarin ya taso, ya hana ta ƙarasawa.

Ana jin tarinta kawai, da kaji a bayan ɗaki. Shiuli ta tallafe ta, tana kallon surukinta ta saman kafaɗarta da idon da ba ta taɓa yi masa ba.

"Mistiri," in ji Haji, yana kakkaɓe gemu, "haka ne?"

Torab ya dubi sandarsa a hannun Haji. Sannan ya juya wajen ƙofa.

"Gofur, tafi abinka. Ba mai zuwa ko'ina."

"To ni da na baro lodin kabewa saboda ku?" in ji Gofur. Ba wanda ya kula shi. Fuljan da kanta ta zagayo ta kama kunnen akwatin, suka mayar da shi ɗaki ita da Shiuli, tana cewa ita dama tun jiya abin bai kwanta mata ba.

A ranar aka fitar da murhun gas zuwa baranda. Jamiron ta ce madafa ta zama ta gora, duk mai son hayaƙi ya shiga ya hura. Da Poush ya zagayo Torab ya saro sabuwa, ya jiƙa, ya ɗora. Safe da rana da yamma yakan shiga ya tsuguna gaban murhun ƙasa da kwandon ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, yana zuba ɗan mai a wuta don ya yi kama da na girki. Kwana uku da farawa aka fara jin tarinsa daga waje.

"Ammajan, Abba yana tari," in ji Shiuli.

"Ina ji. Kai masa ruwa, ki ajiye a bakin ƙofa. Kada ki shiga."

Bayan sati biyu Jamiron ta fita bayan gida tsinko barkono. Daga nan ana hango madafar Fuljan. Ta ga gora sabuwa fil, dami guda, an zura ta ta ƙarƙashin rufi, ƙarshenta na leƙowa. Bututun hayaƙin nan na matan ƙungiya an cire shi, yana jingine da bango. A gefen ɗakin kuwa ga Sattar, mijin Fuljan, a tsugune da kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa, yana shafe taga. Ya kai rabi. Yana yi yana 'yar waƙa.

Barkonon ya zube daga bakin sarinta. Ta dubi gidan da ke gaba da na Fuljan. Can ma ga kan gora yana leƙowa.

"Bouma!"

"Na'am, Ammajan?"

"Miƙo mini ƙarfen haƙan nan da ke bayan ƙofa. Ki ɗauko maganin fesawata ki biyo ni."